Jif ɗin Alfarma ta Gwanjo: Me Ke Durƙusar da Ita a Hanyoyin Karaye da Rogo?

Ka taɓa tsayawa wurin dillalan mota a Kano ka tambayi kuɗin tsohuwar Range Rover, ko Mercedes ML350 mai shekara goma sha biyar, sannan ka juya ka tambayi kuɗin Toyota Highlander sa'arta? Amsar takan ba mutum mamaki. Tazarar ba ta kai yadda kake zato ba, wani lokaci ma Toyotar ce a sama. Alhali ranar da suka fito daga masana'anta, kuɗin Range Rover ɗaya zai sayi Highlander biyu har a ba ka canji. Sai ka ga kamar ka tsinci dami a kala. To, kasuwa ba ta yi wauta ba. Wannan arhar saƙo ce daga waɗanda suka riga ka hawa irin motar: kuɗinta ya faɗi, amma kuɗin gyaranta yana nan inda yake tun tana sabuwa.

A yankinmu sha'awar jif ba ƙarya ba ce kawai. Wanda ke zaune a Kurugu ya san abin da ke faruwa da zarar an sauka daga kwalta: burji, gargada, yashi, ga ramukan da ruwan damina ke haƙawa a bakin kwalbati. Ƙaramar mota sai ta riƙa kartar ciki. Idan kaka ta yi kyau, an sayar da masara da waken suya ko rake, ba laifi ba ne mutum ya so motar da za ta kai mai naƙuda asibiti a Karaye da tsakar dare a watan Agusta ba tare da ta maƙale ba. Matsalar ita ce, a irin wannan daren ne ba ka son ganin rubutun gargaɗi ya cika maka dashbod. Don haka tambayar da ta fi amfani gare ka ba "wace ce ta fi ƙarfi" ba ce. Tambayar ita ce: a kan waɗanne sharuɗɗa aka ƙera motar nan, kuma nawa daga cikinsu muke da su a nan?

Lissafin da dillali ba zai yi maka ba

Injiniyoyi masu nazarin ɗorewar na'ura suna da wani lissafi mai sauƙi. A ce kowane sashe na mota yana da yiwuwar kashi 99 cikin 100 na ya kai ƙarshen shekara lafiya. Wannan sashe ne mai kyau ƙwarai. Idan sassa 10 ne dole sai duk sun yi aiki kafin motar ta tafi daidai, sai ka ninka 0.99 da kanta sau goma, ka samu kimanin kashi 90. Idan sassan 50 ne, ka sauko kashi 60. Idan 100 ne, kashi 37 kacal. Waɗannan lambobi misali ne na lissafi, ba na wata mota ba, amma sun nuna abin da ake nufi. Ba sai kayan sun zama marasa inganci ba kafin mota ta riƙa yawan zuwa gareji. Yawansu kaɗai ya isa.

Kuma abin da ake kira alfarma a mota, in ka buɗe shi, ƙarin sassa ne. Inda Hilux ke da sifirin na ƙarfe, ita tana da jakar iska da kwamfireso da bawul da na'urar auna tsayi a kowace ƙafa. Inda waccan ke da inji mai shaƙar iska da kansa, ita tana da turbo biyu da bututunansu. Ga ƙananan kwamfutoci masu yawa, kowace da aikinta, duk suna magana da juna.

Sai batun shekaru. Lalacewar na'ura tana bin siffar ƙwarya: da farko akwai 'yan matsalolin masana'anta, sai dogon lokaci na zaman lafiya a tsakiya, sannan gefen ya sake hawa idan kaya sun fara tsufa. Baturen da ya sayi motar sabuwa shi ya ci tsakiyar ƙwaryar, kuma yana da garanti. Abin da ke iso mana ta Legas ko ta Kwatano, wanda muke kira Beljiyam ko tokumbo, yawanci ya iso ne daidai inda gefen ya fara hawa. Ba mu kaɗai ba ne. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motocin gwanjo miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo.

Ƙarfe ba shi ke fara mutuwa ba

Mutane suna duba inji, su buga bodi da hannu su ji ƙarfinsa. Amma abin da ke fara gajiya a mota mai shekara goma zuwa sha biyar shi ne roba da filastik: tiyo, sil, gaskit, bushin, murfin wayoyi. Waɗannan suna tsufa ne ta hanyar haɗuwa da iskar oksijin, kuma zafi yana hanzarta wannan haɗuwa. Tun 1889 masanin sinadarai ɗan Suwidin, Svante Arrhenius, ya fitar da lissafin alaƙar zafi da saurin sauyin sinadari. Abin da injiniyoyi suka ɗauka daga ciki a matsayin ƙiyasi shi ne, duk ƙarin zafi na digiri 10 yakan kusan ninka saurin lalacewar. Ka tuna a watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40 a inuwa, ballantana a ƙarƙashin bonet ɗin motar da ke tafiya a hankali kan gargada, esi a kunne, iska ba ta shiga sosai.

Kusan kowace babbar jif tana da nata ɗan hakin da aka raina. Porsche Cayenne ta farko mai inji V8 ta zo da bututun ruwa na filastik a kwance a tsakiyar injin, inda zafi ya fi taruwa. Idan ya tsage, sai an kwance saman injin kafin a kai gare shi. Range Rover mai inji lita 5.0 ita ma an san ta da bututun ruwa na filastik masu fashewa, da kuma matsalar abin da ke ɗaure sarƙar taimin a shekarun farko na injin. BMW X5 mai injin da ake kira N63, wanda ya fito a 2008, an cusa turbo biyun ne a cikin kwarin da ke tsakanin layukan silinda. Dabara ce mai ba da ƙarfi, amma tana gasa duk robar da ke kusa, shi ya sa aka san injin da shan baƙin mai. ML350 na wajen 2006 da 2007 kuwa, wani ɗan giya mai haƙora a cikin injin ne ke cinyewa, kuma sai an sauke injin gaba ɗaya kafin a canja shi.

Kada ka ce Lexus ta tsira. RX350 na 2007 zuwa 2009 ta zo da wani guntun tiyon roba a layin baƙin mai. Idan ya fashe, man yakan tsiyaye cikin 'yan mintoci, inji ya buga. Daga baya Toyota ta fitar da bututun ƙarfe zalla a madadinsa. Idan irin wannan motar kake nema, wannan bututun na cikin abin da za ka sa a leƙa maka.

Wanda ya fi ba da kunya a bainar jama'a shi ne jakar iska, wadda kanikawa ke kira balan-balan. Ka ga jif ta kwana ta wayi gari a durƙushe kamar raƙumi, ko gefe ɗaya ya karkace? Ga yadda abin ke tafiya. Jakar roba ce mai ɗauke da nauyin motar, tana naɗewa tana warwarewa duk lokacin da taya ta hau ta sauka. A daidai wurin naɗewar ne ƙura da tsakuwa ke maƙalewa suna gogar ta, har ƙananan tsagu su bayyana. Iska ta fara fita kaɗan-kaɗan. Kai ba ka lura ba, domin kwamfireso yana ta cike gurbin. Shi kuwa an ƙera shi ne ya yi aiki na ɗan lokaci ya huta, ba ya yini yana hura jaka mai huji ba. Sai ya yi zafi ya ƙone. Gyaran da ya fara da jaka ɗaya ya koma jaka da kwamfireso, wani lokaci har da bawul. Range Rover da Mercedes GL duk ƙafafu huɗu haka suke. Lexus GX470 a baya kawai take da su. LX470 da LX570 kuwa mai suke amfani da shi maimakon iska, kuma shi ma man nasa na musamman ne. Da yawa suna cire tsarin su sa sifirin na ƙarfe. A ganina, ga motar da za ta zauna a ƙauye, wannan ba abin kunya ba ne, in dai kayan da aka sa na nauyin motar ne kuma an daidaita kwamfutar ta daina ƙorafi.

Lagireto, da al'adar cire tamostat

A nan zan ɗan daɗe, domin a nan ne muke kashe injuna da hannunmu.

Akwai maganar da ta zama kamar doka a garejinmu: wai tamostat na ƙasar sanyi ne, da zarar mota ta shigo sai a cire shi, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayar da mota. Niyyar mai kyau ce, amma fahimtar ba daidai ba ce. Tamostat ba hita ba ne. Ƙofa ce da ke riƙe zafin injin a inda aka tsara masa, wajen digiri 90 ga yawancin motoci, wasu na Jamus ma sama da 100. A wannan zafin ne fistin da zobensa suke buɗewa su cika gurbinsu daidai, a nan ne baƙin mai ke kai kaurin da ake so. Idan injin bai kai can ba, ƙwaƙwalwar motar tana ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta ci gaba da ƙara fetur. Rarar fetur ɗin yana wanke man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai. Ka ƙara shan mai, ka ƙara cin inji.

Abin da ya fi wannan: a injuna da yawa tamostat aiki biyu yake yi. Yana buɗe hanyar zuwa lagireto, a lokaci guda yana rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa a cikin injin kawai. Ka cire shi, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe, ruwa kuwa ba ya bin doguwa alhali ga gajeriya. Wani kaso nasa sai ya daina zuwa lagireto sam. Ka cire abu don gudun zafi, ka jawo zafin. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Sai ruwan da muke zubawa. Ka leƙa cikin butar da aka daɗe ana dafa ruwan rijiya a ciki, za ka ga farin ɓawo ya manne. Irin wannan ɓawon ne ke toshe siraran hanyoyin lagireto. Ruwan sanyaya inji mai launi da ake sayarwa a galan ba don ƙanƙara kawai aka yi shi ba. Yana ɗauke da sinadaran da ke hana tsatsa da cinyewar alminiyam, kuma yana ɗaga matakin tafasa. Murfin lagireto shi ma ba murfi ba ne kawai. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma matsin da murfin ke riƙewa yana kai shi wajen 120. Murfin da robarsa ta mutu ya isa ya sa mota tafasa a kan hanya. Kuma kan injin waɗannan motoci na alminiyam ne. Zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi, gaskit ya ƙone, ruwa da mai su haɗu. Idan allura ta haura ko jan rubutu ya fito, ka tsaya a inda kake ka kashe. "Bari in ƙarasa gida, saura kaɗan" ita ce jumlar da ta fi kowace tsada a harkar mota.

Abin da take shaƙa da abin da take sha

Kafin inji ya ƙona lita ɗaya ta fetur, sai ya shaƙi iska kimanin lita dubu tara. Yanzu ka kawo hoton hanyar burji a watan Janairu, kana bin bayan motar rake, ga hazon hunturu a sama. A cikin ƙurar nan akwai ɓarɓashin yashi wanda ya fi yawancin ƙarfen inji tauri. Abin da ke tsakaninsa da silinda takarda ce kawai, wato matatar iska. Idan aka kai ta wurin mai faci ya hure ta da iska mai ƙarfi, a ido ta yi fes, amma an yayyaga ƙananan ramukanta, ƙurar da ta fi laushi sai ta wuce. Ka canja ta kawai, tana cikin mafi arhar kayan motar. Littafin kowace mota yana da jadawalin sabis iri biyu, na yau da kullum da na yanayi mai tsanani, wato ƙura da zafi da gajerun tafiye-tafiye. Namu kullum na biyun ne.

Baƙin mai kuwa, ba kowane ba ne. Injunan zamani suna amfani da matsin mai wajen juya lokacin buɗe bawul da kuma ɗaure sarƙar taimin, ta cikin hanyoyi sirara. Injin da aka rubuta masa 5W-30 ko 0W-20, ka ɗura masa 20W-50 don "ƙasarmu da zafi", man ba zai isa waɗannan lunguna da wuri ba a lokacin tayarwa. Ƙarar kaca-kaca da kake ji na daƙiƙa biyu da safe, sarƙar ce ke dukan jagorarta kafin mai ya iso. Wasu injunan ma ba sarƙa gare su ba, bel ne: V8 ɗin da ke cikin LX470 da GX470, Toyota ta ce a canja nasa duk mil 90,000, wato kusan kilomita 145,000. Idan ba ka ga shaidar an canja ba, ka ɗauka ba a canja ba.

Fetur yana da nasa labarin. Idan ka ga an rubuta 91 a murfin tankin motar Amurka, kada ka ce ai namu ma 90 ne ko 91. Ma'aunin ba ɗaya ba ne. 91 na Amurka ya yi daidai da wajen 95 a ma'aunin da muke amfani da shi. Lambar tana nuna yadda fetur ke jure matsi ba tare da ya fashe kafin lokaci ba. Injin turbo ya fi matsa shi, don haka ya fi buƙatar mai lamba sama. Akwai na'urar da ke jin wannan fashewar ta sa kwamfuta ta ja da baya, shi ya sa injin ba ya mutuwa nan take, amma ƙarfi yana raguwa, zafi yana ƙaruwa. Ga kuma tsabta. Ba a manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, motoci suka lalace, layi ya dawo gidajen mai. Wannan ya fito fili ne don ya shafi ƙasa baki ɗaya. Wanda ba ya fitowa a labarai shi ne ruwa da laka na gindin jarkar 'yan bumburutu, wanda a ƙauye wani lokaci shi kaɗai ne zaɓi. Injin da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda da matsi mai yawa ba ya yafe wannan.

Shan man kuwa ba sai na ja ba. LX570 tana cin wajen lita 17 a kilomita 100 a ma'aunin Amurka, kan titi mai kyau. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kowa ya iya wannan lissafin da kansa.

Giya, da tayar da ba ta yi daidai da 'yan'uwanta ba

Wasu kamfanoni sun rubuta cewa man giyarsu na har abada ne. Abadan da suke nufi shi ne zamanin mai ita na farko. Kamfanin ZF, wanda ke ƙera giyar BMW da Range Rover da yawa, shi da kansa yana ba da shawarar a canja. Kuma kowace giya da irin manta. Jan mai na gama-gari ba ya yi wa giyar Mercedes mai hawa bakwai.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Yawancin jifa-jifan nan ƙafa huɗu suke ja kullum, kuma akwai akwati a tsakiya mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Wannan akwati yana ɗauka duk tayoyin girmansu ɗaya. A ce taya mai faɗin santimita 75 ce, tana juyawa kusan sau 424 a kilomita ɗaya. Ka sa sabuwa a gaba, ta baya kuma ta cinye da milimita 6, bambancin ya kai juyi 7 a kowace kilomita. Akwatin yana ganin kamar wata ƙafa na santsi, sai ya yi ta ƙoƙarin gyara abin da ba zai gyaru ba, daga Karaye har Kano, har kulocinsa ya ƙone. Mu kuwa mun saba sayen taya ɗai-ɗai, ta gwanjo, kowace da kamfaninta. Sannan rim mai inci 20 ko 22 da siririyar taya kyan gani ne a Nasarawa GRA. A kan burji babu isasshiyar roba da za ta sha duka, sai rim ya lanƙwashe, bushin da bol-join su biya sauran.

Wuta

Kwamfutocin motar suna magana ne ta wasu wayoyi biyu da suka zaga ko'ina, tsarin da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986. Idan batir ya yi rauni, ko waya ɗaya ta yi tsatsa, sai saƙo ya rikice, fitilun gargaɗi biyar su kama lokaci guda alhali cutar ɗaya ce. Mai gyaran wuta da ya saba da tsofaffin motoci, idan ya shiga da reza da gwajin ƙwan fitila yana yanka yana haɗawa, yakan bar motar da ciwon da ya fi wanda ta zo da shi. Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da wata kafa mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake soka na'urar karanta matsala. Wanda ba shi da wannan na'ura, ko yana da ita amma gogewa kawai ya iya, kada ya taɓa maka irin wannan motar.

Mafi haɗari su ne motocin ambaliya. Bayan guguwa irin Katrina ta 2005 ko Harvey ta 2017, kamfanonin inshora sukan kai motocin da ruwa ya shanye kasuwannin gwanjo irin su Copart, daga nan wasu su haye teku. Za a wanke ta ta yi ƙyalli, ta yi wata shida lafiya, sannan tsatsar da ke cikin mahaɗan wayoyi ta fara magana, yau gilas, gobe giya, jibi ta ƙi tashi. Irin wannan ba ta da ƙarshen gyara.

To wace za ka saya?

Ɗorewa kashi biyu ce: sau nawa mota ke lalacewa, da kuma kwana nawa take yi a kwance idan ta lalace. A birni ana mantawa da na biyun. A Kurugu shi ne babba. Motar da kayanta ke zube a kasuwar Ƙofar Ruwa, kuma bakanike a Karaye ya taɓa kwance irinta, ciwonta na yini biyu ne. Wadda sai an yi odar kayanta daga Ladipo a Legas ko daga Dubai, kuma mutum biyu ko uku ne a Kano suka iya ta, ciwonta na wata ne. Ka ƙara da cewa mota mai jan ƙafa huɗu da giya otomatik ba a jan ta da igiya tafiya mai nisa, domin famfon man giyar ba ya aiki idan inji a kashe yake. Sai an ɗauko motar da za ta goya ta, tun daga Kano.

Shi ya sa, in ni ka tambaya, ga wanda zai zauna da mota a wannan yanki, dangin Land Cruiser da Prado, har da GX da LX, sun fi dacewa. Ba don ba sa lalacewa ba. Don injinsu na fetur ba turbo a tsofaffin, an gina su kan shasi na ƙarfe, kuma cutarsu sananniya ce. RX kuwa ka san me kake saye: a ƙarƙashi 'yar gidan Camry da Highlander ce da aka ɗaga, tana da sauƙin kaya, amma ba motar laka ba ce. Na Jamus da na Ingila motoci ne masu daɗin tuƙi ƙwarai, kuma wanda ke zaune kusa da ƙwararre, yana da kuɗin gyara a ajiye, zai more su. Idan duk abin da ka tara ne zai tafi wurin saye, ba ka shirya mata ba tukuna.

Ranar dubawa, ka fara da lambar shasi mai harufa da lambobi 17 da ke gindin gilashin gaba. Ka sa ta a intanet. Sau da yawa hotunan motar a filin gwanjon Amurka za su fito, ka ga yadda take kafin mai fenti ya taɓa ta, ka kuma gwada mil ɗin da aka rubuta a can da wanda ke dashbod yanzu. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙarafan ƙarƙashin kujera ko akwai tsatsa ko busasshiyar laka. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: duk fitilun gargaɗi dole su kama, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, an cire ƙwanta ne ko an rufe ta. Ka sa a leƙa salansa a ga ko abin nan da kanikawa ke kira indomi yana nan, domin ana sare shi a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2318 na nufin mako na 23 a 2018.

Gwaji biyu kuwa sai motar ta kwana. Da yamma ka auna tsayi daga ƙasa zuwa bakin bodi a saman kowace taya, ka rubuta, ka karɓi makulli. Da sassafe ka dawo ka sake aunawa kafin kowa ya taɓa ta; ƙafar da ta sauka, jakarta na yoyo. Sannan ka ɗora hannu kan injin ka tabbatar da sanyi yake, ka sa wani ya tayar kai kana tsaye a gaba, bonet a buɗe, kana sauraren daƙiƙu biyar na farko, wani kuma yana baya yana kallon launin hayaƙi. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne. Idan ka iso ka tarar an riga an tayar da ita "don ta ɗan yi ɗumi", ka ce za ka dawo gobe.